Rumfar kimiyya a taron unguwa: me za a yi wa yara da iyayensu a Legas?

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina cikin kwamitin iyaye na wata Islamiyya a Agege. Muna shirya taron unguwa na yini ɗaya, za a yi musabaƙa, za a kasa abinci da kayan sana'ar mata. An ce a ware rumfa ɗaya ta kimiyya wadda yara za su shiga tare da iyayensu, kuma ni aka ɗora wa nauyin. Muna sa ran yara kamar 120, daga 'yan shekara 5 zuwa 14. Ba mu da ɗakin gwaji, kuɗinmu kaɗan ne, yawancin iyayen kuma 'yan kasuwa ne da ba su yi boko mai zurfi ba. Me za mu yi wanda zai ƙayatar, babu haɗari, kuma yaran su ƙaru?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da ladan wannan ɗawainiya. Idan na fahimce ki, abu uku kike nema a lokaci guda: gwajin da ba ya cin kuɗi, wanda ba zai ji wa kowa ciwo ba, wanda kuma uwar da ba ta taɓa zama a ajin kimiyya ba za ta sa hannu a ciki ba tare da ta tsargu ba. Na daɗe ina koyar da kimiyya a sakandare a nan Legas, ina kuma taya makarantu da ƙungiyoyin unguwa shirya irin wannan rumfa, to zan gaya miki abin da na ga yana tafiya daidai.

Rashin ɗakin gwaji kada ya dame ki. Abin da nake tsoro a irin wannan taro shi ne a ɗauko mutum ɗaya a sa masa farar riga, ya tsaya a gaba yana zuba wannan cikin wancan, launi ya canza, yara su yi tafi, a watse. Yaron da ya kalli haka zai koma gida da tunanin cewa kimiyya wani siddabaru ne na masu farar riga. Mai siddabaru yana ɓoye dalili don kada ka iya yin abin da ya yi. Mai kimiyya kuwa yana bayyana dalili ne don ka je ka maimaita, idan ƙarya ya yi ka kama shi. Saboda haka duk gwajin da za ki zaɓa, ki auna shi da tambaya uku. Hannun yaron ne zai yi, ko kallo zai yi? An tambaye shi abin da yake zato zai faru kafin a fara? Idan ya koma gida, zai sami kayan a ɗakin girkin mahaifiyarsa ya sake yi? Gwajin da ya faɗi a ɗaya daga cikin ukun nan, komai kyansa, ni ajiye shi nake yi.

Tambayar "me kake zato zai faru?" ita ce ke raba wasa da karatu. Yaron da ya furta zatonsa a gaban mahaifinsa ya riga ya ƙulla kansa da sakamakon, ba zai ɗauke ido ba sai ya gani. In ya canka daidai ya ji daɗi, in ya kuskure sai ya nemi dalili, kuma a nan ne ake samun ƙaruwar da kike nema.

Teburin zobo da kanwa

Da za a ce in zaɓi tebur ɗaya tak, wannan zan ɗauka, domin duk kayansa suna Mile 12 ko kasuwar da ke kusa da ku, kuma iyaye mata sun fi kowa sanin su. A dafa zobo tun dare, babu sukari babu kayan ƙamshi, a tace. Da safe a sirka shi da ruwa sosai har ya zama ja mai haske da ake hango yatsa ta cikinsa. Wannan sirkin yana da muhimmanci, don zobo mai kauri duhunsa kan ɓoye canjin launin. A jiƙa kanwa a wata roba daban a tace ruwanta, a matse lemon tsami, a jiƙa tsamiya, a kaɗa ɗan garin sabulun wanki, a jiƙa toka a tace. Kowane yaro a ba shi ƙananan kofunan roba masu shara-shara guda uku da cokali.

Ga inda mutane da yawa suke tuntuɓe. Sukan fara da zuba lemon tsami cikin zobo, sai a ga kusan babu abin da ya faru, yara su yi sanyi. Dalili shi ne zobo da kansa mai tsami ne, ƙara masa tsami ba zai sauya shi sosai ba. A fara da kanwa. Yaro ya ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, jan ya dushe, ya yi duhu, ya karkata zuwa kore mai toka-toka. Sannan a tambaye shi: za ka iya dawo da jan? Ya matsa lemon tsami, ruwan ya ɗan yi kumfa, ja ya dawo. Abin da ke ba zobo launinsa wani sinadari ne da ake kira antosayanin, wanda ke sauya kama gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. Kumfar kuma iskar kabon dayoksaid ce da ke fita idan tsami ya haɗu da kanwa. Ga manyan yara sai a kawo ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14: ruwa tsantsa yana 7, lemon tsami wajen 2, kanwa da sabulu da toka suna sama da 7. Su jera kofunansu daga mafi tsami zuwa dangin kanwa.

A nan ne za ki jawo iyaye mata. Mai kula da teburin ta tambaye su: me ya sa kuke jefa kanwa a wake? Me ke faruwa da miyar kuɓewa in an sa mata kanwa? Sun san amsar a aikace: wake ya fi saurin nuna, kuɓewa ta fi yauƙi da kore. Na sha ganin uwar da ta shigo tana rakuɓewa a bayan ɗanta, da aka zo nan ita ce ta karɓe bayanin. Yaro ya ga mahaifiyarsa ta san abin da malamar makaranta ke tambaya, wannan kaɗai ya isa ribar yini. In akwai maƙwabta Inyamurai a wurin, su nuna yadda ruwan kanwa ke mayar da manja rawaya mai kauri, abin da suke yi a girkinsu tun kaka da kakanni.

Kurkum ma yana wannan aikin. A kwaɓa shi da ruwa a shafe farar takarda, a bari ta bushe. Yaro ya tsoma tsinken auduga a ruwan sabulu ya rubuta sunansa, rubutun ya fito ja a kan rawaya. Ƙanana 'yan shekara 5 da 6 suna son wannan ƙwarai, ga shi kuma suna tafiya gida da abu a hannu.

Burodin Agege da balan-balan

Tunda a Agege kuke, ba za a rasa burodi ba. A yanka shi yara su ga ƙananan ramukan da ke ciki, a tambaye su wa ya huda su. Sai a kawo robobin ruwa guda uku, kowace a zuba ƙaramin cokali ɗaya na yis. Ta farko a sa ruwan ɗumi da sukari cokali biyu, ta biyu ruwan ɗumi babu sukari, ta uku ruwan sanyi da sukari. A ɗan ja balan-balan ya saki, a rufe bakin kowace roba da shi. Cikin minti 15 zuwa 30 na robar farko zai miƙe ya kumbura, sauran su yi baya. Yis halitta ce mai rai, tana cin sukari tana fitar da iskar kabon dayoksaid, iskar nan ce ke tayar da ƙullin burodi da fanke da waina. Ruwan ya zama mai ɗumin da hannu ke jurewa, don ruwan zafi sosai kashe yis yake yi, abin da duk mai yin fanke ta sani.

Darajar wannan gwajin tana cikin robobi ukun. Idan roba ɗaya aka yi, kallo ne kawai. Da aka yi uku, kowace ta bambanta da ta farko a abu guda, yaro ya koyi yadda ake gano dalili: ka canza abu ɗaya, ka bar sauran yadda suke. Tunda yana ɗaukar lokaci, iyali su haɗa nasu, su rubuta suna a jikin robar, su zaga wasu teburan su dawo.

Ruwa, tunda a bakin ruwa muke

Yaran Legas suna ganin manyan jiragen ruwa a Apapa, kuma tambayar da ke ransu ita ce yadda ƙarfe mai wannan nauyi yake yawo a kan ruwa alhali ƙusa tana nutsewa. A cika baho da ruwa, a ba kowane iyali takardar foyil, wato siririyar takardar alminiyam ta naɗe abinci, mai girma ɗaya. Kowa ya ƙera nasa kwalekwalen, a riƙa ɗora marafan kwalba ana ƙirgawa har ya nutse. Wanda ya fi faɗi da zurfi shi zai fi ɗauka, don ya fi ture ruwa mai yawa, ruwa kuma yana tallafe abu ne daidai nauyin ruwan da abin ya ture. A wannan teburin iyaye maza kan manta girma su shiga gasa, ki bar su.

Gwajin ƙwai yana kusa da wannan. Sabon ƙwai yana nutsewa a ruwan famfo, in an narka gishiri ya isa sai ya taso. Kada a yi rowar gishirin. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 a kowace lita, kuma wannan bai isa ya ɗaga sabon ƙwai ba, don haka ki tanadi babban cokali 3 zuwa 4 a kofi ɗaya. Yara su riƙa ƙarawa cokali-cokali suna juyawa suna ƙirgawa. Za a sami uwar da za ta ce ai ruɓaɓɓen ƙwai ko babu gishiri yana tasowa. Gaskiyarta, domin ƙwai in ya daɗe iskar da ke cikinsa ƙaruwa take yi.

Akwai gwaji biyu da suka wuce nishaɗi, suka shafi lafiyar gida. Na farko, a ɗebo ruwa mai laka a zuba a robobi uku: ɗaya a bar ta haka, ɗaya a jefa ɗan alif, ɗaya a zuba dakakken ƙwayar zogale a juya sosai. Bayan kamar awa ɗaya lakar ta kwanta a biyun. Amma dole mai teburin ya faɗa da babbar murya cewa ruwan da ya yi garau ba lallai ya zama mai tsabta ba, ƙwayoyin cuta ido ba ya ganinsu, sai an tafasa. Legas ta yi fama da kwalara a 2024, wannan magana ba ƙarama ba ce, kuma kada a bar kowa ya kurɓi ruwan gwajin.

Na biyu shi ne tsutsar sauro. A duba tsohuwar taya ko gwangwanin da ruwan sama ya kwanta a ciki, a kwaso ruwan da tsutsotsin a kwalba, a ɗaure bakinta da yankin gidan sauro. Yara su leƙa da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya. Mutane da yawa, har manya, ba su taɓa haɗa waɗannan 'yan abubuwa masu wutsil-wutsil da sauron da ke hana su barci ba. A zafin Legas, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana 10 ba. Tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro tana kwanciya ne a miƙe a saman ruwa, ta sauron kwata kuwa tana rataye kai ƙasa, yara su duba su faɗi wacce suka samu. A 1897 ne wani likita ɗan Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya, kuma har yau, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya suna Najeriya ne. Yaron da ya ga tsutsar da idonsa, gani ya kori ji, shi zai riƙa kifar da gwangwanaye a tsakar gida. In an tashi taro a zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa cikin rana.

Wani gwaji da ke yawo a wayoyi shi ne a barbaɗa barkono a kan ruwa, a taɓa da yatsa mai sabulu, barkonon ya watse, a ce wai haka ƙwayoyin cuta ke gudun sabulu. Gwajin yana da kyau, bayanin ne ba daidai ba. Saman ruwa yana da wani ɗauri da ke riƙe shi, sabulu ya sassauta shi a tsakiya, ruwan gefe ya ja barkonon. In za ku yi, ku faɗi dalilin gaskiya.

Haske, inuwa da alƙibla

Tunda taron Islamiyya ne, wannan teburin zai zauna daram. A sami kwalin taliya, a yanke ƙaramar taga a gefe ɗaya a liƙa foyil a huda shi da allura, a ɗaya gefen a liƙa farar takardar da aka shafa wa ɗan man gyaɗa. Yaro ya lulluɓe kansa da baƙin mayafi ya juya hudar wajen titi mai haske, zai ga mutane da motoci a kan takardar, kai ƙasa ƙafa sama. Haske a miƙe yake tafiya, wanda ya taso daga sama ya bi ta hudar ya sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Ibn al-Haytham, masanin kimiyya Musulmi wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya yi nazarin wannan, ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. Yana da kyau yaranmu su ji wannan suna. Sharaɗi guda: ba a kallon rana kai tsaye, ko da ido ko ta cikin wani gilashi.

Manyan yara su yi kamfas. A goga allura da maganaɗisu sau 30 ana bin gefe ɗaya, a ɗora ta a kan ɗan ganye a faranti mai ruwa, za ta juya ta tsaya tsakanin arewa da kudu. Maganaɗisu kuwa duk mai gyaran rediyo yana da na tsohuwar sifika. A nisanta farantin daga ƙarafan rumfa da wayoyi, don suna jan allurar. Daga Legas alƙibla tana wajen digiri 63 daga arewa in ka juya ta gabas, wato gabas ce mai karkata arewa. Yara su zana a ƙasa, su je su gwada da fuskar masallacin unguwa.

In akwai rana, a kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a auna inuwarta, a auna inuwar falwayar lantarki a lokaci guda, a fitar da tsawon falwayar ba tare da an hau ba. Malamin fiƙihu ya zo ya haɗa wannan da yadda ake gane shigar azahar da la'asar da inuwa. A farkon Afrilu da farkon Satumba rana kan bi ta tsakar ka a Legas, inuwar sanda ta kusa ɓacewa wajen ƙarfe ɗaya saura kwata. Da ƙwallo da tocila kuma za a nuna dalilin da ya sa 'yan'uwa a Maiduguri suke riga mu shan ruwa da rabin awa ko fiye a watan azumi: duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, su kuma suna gabas da mu da kusan digiri 10.

Abin da yanayin Legas ke ɓatawa

Wannan ɓangaren ba za ki same shi a bidiyoyin waya ba. Gwajin goga balan-balan a gashi ya ɗauki gutsattsarin takarda yana tafiya sumul a Kano lokacin hunturu, amma a nan yakan ba da kunya. Iskar Legas cike take da danshi, sau da yawa sama da kashi 80 cikin 100, danshin kuma yana kwashe lantarkin da gugar ta tara. Sai dai in taron ya faɗo cikin 'yan kwanakin hazo na Disamba ko Janairu.

Haka randar sanyi ta Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Tana sanyaya kayan miya ne saboda ruwan yashin yana bushewa yana tafiya da zafi. A busasshiyar iskar Arewa abin yana aiki sosai, a Legas kuwa sanyin kaɗan ne. Duk da haka ina son a kawo ta, a sa ma'aunin zafi a ciki da waje, a tambayi iyayen da suka taso a Arewa me ya sa ruwan randa a gida ya fi na nan sanyi. Gwajin da bai ba da abin da ake so ba, in an san dalili, darasi ne cikakke, ga shi kuma yara sun ji sunan Bahaushen da duniya ta yaba wa ƙirƙirarsa.

Game da lokaci, daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba shi da tabbas, Yuni ya fi tsanani, Satumba da Oktoba ma yana dawowa. In a damina za a yi, a nemi aji ko baranda a matsayin mafaka, a ajiye gishiri da yis da takardu a roba mai murfi. A kuma guji makon Babbar Sallah, lokacin da rabin unguwa ke tafiya gida.

Tsari da masu tsayawa

Tebur 6 sun isa. Ga lissafin: kowane tebur ya ɗauki yara 8, kowane zagaye minti 10 da minti 2 na sauyawa, wato zagaye 5 a awa. Tebur 6 za su ba da gurbi 240 a awa ɗaya. Yara 120 in kowa zai zaga duka shidan, gurbi 720 ke nan, awa 3. In an fara ƙarfe 10 za a gama wajen ƙarfe ɗaya, daidai shigar azahar. A ba kowane yaro kati mai gida shida, a sa masa alama a kowane tebur, wannan yana rage turereniya. A shimfiɗa tabarmi don ƙanana da masu goyo, tebur mai tsawo yana korar su. A nisanta rumfar daga lasifika da janareta, in ba haka ba babu mai jin tambaya balle amsa.

Kowane tebur mutum biyu, ɗaya yana magana ɗaya yana wanke kofuna yana sake zubawa. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun fi dacewa, musamman 'yan mata, don ƙannensu su gan su a wannan matsayi, iyaye mata kuma su saki jiki. Za a iya neman masu yi wa ƙasa hidima ko ɗaliban Jami'ar Legas da ke Akoka da na kwalejin fasaha ta Yaba da ke zaune a unguwa. Abin da ya fi wuya a koya musu shi ne riƙe baki. Mai ilimi yana son ya faɗi amsa, nan kuwa aikinsa ya yi tambaya ya jira. Kada a manta da masu sana'a: mai shayi ya nuna dalilin da ya sa yake ɗaga shayi daga kofi zuwa kofi ya huce, mai gyaran waya ya kawo batir da ƙaramin ƙwan tocila yara su gwada abin da lantarki ke bi da wanda ba ya bi, makaɗi ya nuna yadda matse tsarkiyar kalangu ke sa murya ta hau. A yi bayani da Hausa, a juya zuwa Yarabanci ko Burokan in maƙwabta sun shigo, allunan kuma a rubuta da boko da ajami don dattawa.

Kan haɗari, ni ba na yarda da wuta, fetur, ko sinadarin wanke banɗaki a rumfar yara. Ruwan bilic in ya haɗu da abu mai tsami yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu, kada ma ya shigo wurin. Ƙaramin batir mai kama da kwabo in yaro ya haɗiye zai iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2, a yi amfani da batirin tocila. Ƙananan maganaɗisu da fasasshen balan-balan su ma abin haɗiya ne, a riƙa tsincewa nan take. Ba a ɗanɗana komai a teburin gwaji, ko da zobo ne, don yaro ba zai bambance kofin sha da na sabulu ba. Zobon sha a ajiye shi can wajen masu abinci. A tanadi bokitin ruwa da sabulu a bakin rumfa, da wani ma'aikacin jinya daga cikin iyaye in akwai.

Iyakar abin da yini ɗaya zai yi

Hajiya, kada kwamiti ya ɗora wa rumfar nan abin da ba za ta iya ba. Awa uku ba za su maye gurbin malami da ɗakin gwaji ba, ba kuma za su sa yaro ya ci jarrabawar WAEC ba. Ɗan shekara 6 ba zai riƙe sunan antosayanin ba, ba a ma buƙatar ya riƙe. Abin da za a iya samu shi ne yaro ya saba da yin zato ya gwada, uwa da uba kuma su ga suna da abin cewa a karatun ɗansu. Hakan yana ɗorewa ne idan an ci gaba a gida, don haka a ba kowane iyali ƙaramin ƙunshi: ɗan busasshen zobo, gutsuren kanwa, da takarda mai tambaya biyu ko uku da Hausa, misali su gwada ruwan tsamiya, ruwan omo da nono su ga wanne ke sauya launi. Malaman Islamiyya su tambayi sakamakon a mako mai zuwa.

Kafin ranar, kamar da mako ɗaya, ku tara masu tsayawa da 'ya'yan 'yan kwamiti ku gwada komai a wurin da za a yi taron, a daidai lokacin da za a yi shi, da ainihin kayan da kuka sayo. Kanwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne, ta wannan mai kaya ta fi ta wancan, yis ma in ya daɗe a shago ba ya tashi. In za ku shiga kasuwa sayayya ranar Alhamis, ku bari sai bayan ƙarfe 10, don da safe ana sharar kasuwanni. Kofuna da balan-balan kuma ku sayi ninkin abin da kuka ƙiyasta, su ne suke fara ƙarewa.